Zanen ƙyanda da shawara a kan baƙar fata: sauya launi kaɗai ya isa?

Malama Hadiza, Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata za ta buga fosta huɗu don rumfar da ake jiran awo: ƙyanda, shawarar jarirai, ƙarancin jini da sanƙarau. Hotunan da ke hannunmu daga littattafan Faransa aka ciro su, jajayen ɗigo a kan farar fata. Mai zanenmu ya ce zai mayar da jikin yaron baƙi a kwamfuta, sauran ya bar shi yadda yake. Hakan ya wadatar? In bai wadatar ba, me ya kamata ya gyara?

Dakta Umaru, Marwa

Wa alaikumus salam, Malama. Bai wadatar ba, kuma zai iya ɓatar da uwa. Jan da ake gani a farar fata jini ne da ya taru a ƙananan jijiyoyi. A jikinmu ma yana taruwa, amma duhun fatar yana rufe shi, sai wurin ya fito kamar ya ƙara duhu, ko ya yi shunayya-shunayya, wani lokaci ma launin bai sauya ba sam. Uwar da aka koya wa neman ja za ta zauna tana jira har ciwo ya ci ƙarfin yaro.

Ƙyanda ita ce ta fi buƙatar aiki. Ƙurajen suna fitowa kwana uku zuwa huɗu bayan zazzaɓi ya fara, daga bayan kunne da gindin gashi, su sauko fuska, ƙirji, sannan hannu da ƙafa. A baƙar fata hannu ya fi ido ganinsu, don haka a zana yatsun uwa suna shafa goshin yaro, a nuna tudun ƙurajen da 'yar inuwa a gefensu. A ƙara jan ido, majina da tari. A ware ƙaramin da'ira a gefe mai nuna cikin kumatu, inda fararen ɗigo ƙanana ke fitowa kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen jiki.

Sauran ukun duk dabara ɗaya ce: a kai idon mai kallo wurin da fata ba ta da duhu. Shawara, farin ido da dasashi, sannan a danna goshi ko karan hancin jariri da yatsa a ɗaga a duba ko wurin ya yi rawaya. In ta bayyana a ranar farko ta haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, asibiti ne nan take. Ƙarancin jini, tafin hannu da cikin fatar ido ta ƙasa. Ɗigon jinin sanƙarau kuwa a tafin hannu, tafin ƙafa da cikin ido ake nemansa, amma ba kowane mai sanƙarau ke fitar da shi ba. Sandarewar wuya da kumburin maɗigar jariri su ya kamata su cinye rabin fostar.

Abakar Mai Zane, Njamena

Dakta ya gama ɓangaren ciwo, ga na zane da bugu.

Kada a zaɓi launi ɗaya a ce shi ne na baƙar fata. A rumfar awo ɗaya a Garwa za ki ga Bafulatana fara sol, Balarabiyar Shuwa, 'yar Tupuri mai duhu sosai. A zana kowace alama a kan fata uku: wankan tarwaɗa, matsakaiciya, da baƙa wuluk. Ma'aunin launin fata na Fitzpatrick da likitocin fata ke aiki da shi tun 1975 kashi shida ne, biyu na ƙarshe kawai ya bar mana, shi ya sa bai isar mai zane ba. Na Ellis Monk da Google ya fitar a 2022 kashi goma ne, ya fi amfani wajen zaɓen launi.

In za a kwaikwayi hoton majinyaci na gaske, a ɗauka a bakin taga da safe, hasken ya zo daga gefe, a kashe fitilar waya. Fitilar tana sa fata ƙyalli ta shafe ƙurajen. Bangon da ke bayan majinyacin ya zama toka-toka. In fari ne kyamara za ta rage haske, jikin ya koma dunƙulen baƙi. A nemi izinin iyaye a rubuce, a cire fuska in ba ita ake nunawa ba.

Wajen bugu ake yawan yin asara. Allon kwamfuta da haske yake aiki, injin bugu da tawada huɗu, kuma ruwan ƙasa mai duhu yana ƙara duhu a takarda. A gina launin fata da ja da rawaya da ɗan shuɗi, baƙar tawada kaɗan, in ba haka ba inuwar ƙurajen za ta nutse. A buga kwafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar kafin a biya kuɗin kwafi ɗari. A liƙa fostar a inuwa, don rana tana cin ja da rawaya da wuri, sai ki ga yaron shawara ya warke a jikin bango.

Mai zanenku ya nemi aikin Chidiebere Ibe, ɗan Najeriyan da zanensa na baƙin ɗan tayi a cikin mahaifa ya karaɗe duniya a 2021, ya lura da yadda yake saka haske a fata.

Inna Ramatu, ungozoma, Ngaundere

Dakta, a yi mini haƙuri, akwai gyara a maganar tafin hannu. Yaro ƙarami lafiya lau. Amma mai ciki da ta sha lalle, tafinta da faratanta ba su nuna komai, kwalli kuma yana ɓata gefen ido. A fostar masu ciki a nuna harshe da cikin leɓen ƙasa. Mai shafa man bilicin ma fuskarta ba abin dogaro ba ce. Sannan manya da yawa farin idonsu yana da ɗan launin ƙasa-ƙasa tun asali, ba shawara ba ce. A zana mutum yana kallon ƙasa an ɗaga fatar idon sama, a hasken rana, ba na kwan lantarki ba.

Hadiza 'yata, kafin ku buga, ki nuna wa mata goma zanen ɗaya bayan ɗaya, ki rufe rubutun. Kada ki ce "kin gane?", kowa zai ce e don kunya. Ki ce "me ke damun yaron nan, me za ki yi?" In uku sun kauce, zanen ne ya kauce. Uwar cikin hoton ta ɗaura zani da mayafi, rubutun kuma gajere, da Faransanci da Fulatanci da Hausa, a ƙara ajami in akwai wuri.

Malama Hadiza, Garwa

Allah ya saka da alheri. Dakta, shuɗin leɓe na yaron da numfashi ke yi wa wuya fa?

Dakta Umaru, Marwa

A jikinmu toka-toka yake fitowa, a harshe da dasashi, kuma yana zuwa a makare. Ku zana lotsawar ƙasan ƙirji lokacin jan numfashi, ku rubuta ƙidayar numfashin da ke nuna matsala: 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5.