Ɗan kwangila ya shiga gonarmu ba da izini ba: wa za mu kai ƙara?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar lauyoyi da duk wanda ya taɓa fuskantar irin wannan lamari. Wata biyu da suka wuce, wani kamfani da ke yi wa wata hukumar jiha aikin hanya ya shiga gonar da muka gada daga mahaifinmu, ya sare itatuwan mangwaro, ya haƙa ƙaton rami yana ɗibar jar ƙasa, alhali gonar ba ta kan layin hanyar, kuma ba a kawo mana takardar sanarwa ba.

Na san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a, amma sai da sanarwa da biyan diyya. Kamfanin ya ce hukumar ce ta nuna masa wurin, ita kuwa hukumar ta ce babu ruwanta.

Abin da ya fi damuna shi ne dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta sanya wa'adin wata uku na shigar da ƙara. Shin tana kare ɗan kwangila ma? Tun da har yanzu suna ɗibar ƙasar, daga yaushe ake fara lissafi? Ba mu da takardar mallaka ta gwamnati, sai shaidar dagaci da maƙwabta.