Shirin Allah ne in zauna ba albashi?

'Yar Kagoro: Salama 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, yau zuciyata ta cika. Ina aikin gida a Riyad ta Saudiyya, watanni ke nan madam ba ta ba ni ko riyal ɗaya ba. Fasfona yana hannun kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, da na buɗe baki sai a ce za a sa mini hurub, wato a kai rahoto cewa na gudu daga aiki. Na kira mamata ina kuka, ta ce in yi shiru, shirin Allah ne, ta karanta mini Irmiya 29:11. Na gaskata Allah yana da shiri a kaina. Amma wanke banɗaki tun asuba har tsakar dare a kyauta, ita ce ƙaddarata? Ran Lahadi ma da tsumma a hannu nake jin wa'azi a waya, kunne ɗaya a wa'azi, ɗaya yana jiran kiran madam.

Dattijo: Sannu 'yata. Amma ki janye kalmar nan ta ƙaddara. Ba maganar masu bi ba ce, mu nufin Allah muke cewa. Zaman ƙasar nan ya fara shiga bakin yaranmu.

Direban Jidda: Baba, da girmamawa, ku buɗe Romawa 8:29. A Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannuna, an ce waɗanda Allah ya riga ya sani su ne ya ƙaddara. To Bulus ma ya zauna a Saudiyya ne?

Dattijo: Bulus ba da Hausa ya rubuta ba. Can maganar ceto ake yi, ba maganar naɗe hannu ba.

Ɗan Malumfashi: Ni Bahaushe ne, Kirista tun daga kakana. A gidanmu idan an yi rashi ƙaddara muke cewa, mu yi addu'a cikin sunan Yesu. Ba wanda zai zo ya raba mana harshenmu gida biyu, ya ce wannan na masallaci, wannan na majami'a. Kalmar Allah ma da kuke faɗa, daga ina ta fito?

Ɗan Langtang: Ka ji shi. Kullum sai ka tuna mana kai ne Bahaushe. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma su wa suka riƙe shi? Je ka ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna ran Lahadi ka ji zumuntar mata suna waƙa.

Ɗan Malumfashi: Riƙe littafi daban, shan harshe a nono daban.

Maman Biyu: Haba jama'a, yarinya na kuka kuna rabon gado.

Sista a Dammam: Ƙanwata, bar su, ki saurare ni. Ayar da Mama ta karanta miki gaskiya ce, sai dai ki hau sama da aya ɗaya. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma a aya ta 10 an faɗa musu shekara 70 za su yi. Bai ce su zauna su zuba ido ba, cewa ya yi su gina gidaje, su yi gonaki. Yaƙub 5:4 kuma ya ce hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan ya kai kunnen Ubangiji. Bulus da kansa, da za a yi masa bulala, ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, daga baya ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar. Wa zai ce bai dogara ga Allah ba? Riƙe fasfon ma'aikaci ya saɓa wa dokar ƙasar nan. Gyaran dokar aiki da aka yi a Maris 2021, wanda ya ba mu damar sauya wurin aiki, bai haɗa da masu aikin gida ba, don haka kada ki fita da kanki a sa miki hurub. Ki ajiye hoton kwantiragi da iƙamarki, wato katin izinin zama, ki shigar da ƙorafi ta Musaned, dandalin gwamnati na harkar masu aikin gida, ki sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Riyad. Ki yi addu'a, ki kuma yi wannan.

Maman Biyu: Sista, faɗa da sauƙi. Ku kuna da hutun Juma'a da Asabar, ku haye gadar Sarki Fahad ku yi sujada a Bahrain ku dawo. Mu wayar ma a ɓoye muke taɓawa. Wata da na sani ta kai ƙara, har yau shiru.

Sista a Dammam: Ni ma dare nake kwana a tsaye a kan marasa lafiya, Mama. Ba a kan gado nake karɓar albashi ba.

Ɗan Langtang: Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Wane ofishi ya je?

Direban Jidda: Ya roƙi mai shayarwar Fir'auna ya ambace shi don a fitar da shi. Farawa 40:14. Ku riƙa karantawa har ƙarshe.

Dattijo: Kai direba, tun ɗazu kake jifana da ayoyi. Wace ikilisiya ce ta rene ka? Ana gane tarbiyya a yadda yaro ke amsa wa babba.

Direban Jidda: Baba, ban zage ku ba. Aya na kawo.

Ɗan Malumfashi: Har yanzu ba a ba ni amsa a kan kalmar Allah ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka, zan taƙaita. Abin da muka tsayar shi ne, kamar yadda Baba Dattijo ya koyar, ya fi kyau mai bi ya ce nufin Allah, kuma misalin Yusufu ya nuna mana haƙuri ne hanya. An kawo wasu ayoyi, amma cikin gardama aka kawo su, ba cikin ladabi ba. Maganar ofisoshi ba ta wannan zaure ba ce, mai so ya nemi Sista shi kaɗai. Direban Jidda zai ba Baba haƙuri kafin addu'ar daren Juma'a. Maganar wane ne Bahaushe kuma, duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.