Wane suna za mu raɗa wa Aplakofora?

Malamin Agege: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa darasin halittun ruwa da Hausa, na zo kan Aplakofora na cije. Dangin dodon koɗi ne da ke zaune a ƙasan teku, akasari inda zurfi ya wuce mita 200. Jiki siriri, ba koɗi, ba ido, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. A taimaka da suna.

'Yar Idi-Araba: Malam, tsutsar teku mana. Kowa ya ji ya gane.

Malamin Agege: Ƙanwata, nan masanan farko suka zame. Da masanin dabbobi Sven Lovén ya bayyana ɗaya a 1844 ba a sa shi cikin dangin dodon koɗi ba, sai daga baya da aka tsananta binciken cikinsa. Akasarinsu na da harshen nan mai jerin haƙora da dodon koɗi ke kankarar abinci da shi. Tsutsa ba ta da wannan. Ga shi teku na da tsutsotsinta na ainihi, kada mu ƙwace musu suna.

Baban Mile 12: To ku ce huntun dodon koɗi, tunda an tuɓe masa gida.

Malamin Agege: Baba, Allah ya ƙara girma, sunan ya yi daɗi, amma wannan ba huntu ba ne. Fatarsa lulluɓe take da ƙananan allurai na sinadarin da ke yin koɗi, kwance bisa juna, su ke sa shi sheƙi idan haske ya taɓa shi. A madubin ƙara girma, siffar alluran ma na cikin abin da ake rarrabe irinsu da shi. Huntu mu ajiye wa ɗan'uwan dodon koɗin nan marar koɗi, mai santsin jiki, da ke fitowa da damina.

'Yar Idi-Araba: Ashe abin ya zo da sauƙi. Wancan dodo a koɗi yake, wannan a allura. Dodon allura.

Malamin Agege: Madalla! Saura sunayen gida biyun da Aplakofora ya kasu. Solenogastres na da tsaga a ƙasan ciki, 'yar siririyar ƙafa a ciki, da ita yake silalewa kan dangin murjani yana cin su, kuma kowane ɗaya mata-maza ne. Kaudofobiyata ba ƙafa sam. Yakan nutsa kai cikin laka, ya bar gaɓoɓin numfashi biyu a wutsiya suna shan ruwa, mace daban namiji daban.

Baban Mile 12: Mai tsaga da mai tono ke nan, Malam. Rubuta.

Malamin Agege: Na rubuta, Baba. Gobe in Allah ya kai mu sai sunan harshen, an ba ni "magogi" da "zarto".