Wane mashin ya dace da sabon hannu, da yadda maganar ta koma rigimar acaɓa

Abban Ikram: Jama'a don Allah ku yi mana alƙalanci domin abin nan ya tsaya min a rai. Ƙanina ya samu aikin koyarwa can wajen Gezawa, kullum daga Hotoro zai riƙa zuwa, muka yi karo-karo a gida za a sai masa mashin. Ni na ce tunda hanya ce da manyan motoci ke bi a nemo masa matsakaici, Pulsar 200 ko da na hannu ne mai lafiya, wanda in ya tashi wuce tirela zai wuce ta kawai ya huta, ba ya jera da ita yana murɗa totur mashin na nishi ba. Kawunmu ya ce shi bai san wannan ba, Boxer za a saya, kuma da yake shi ya ba da kaso mafi tsoka ba wanda ya iya cewa uffan. Ni fa har yanzu ina kan bakana, a babban titi ƙaramin inji ya fi babba hatsari ko ga sabon hannu. Kuma arahar da ake ta faɗa tana ina, sabon Boxer ya haura miliyan. Malamin makaranta guda a ɗauke shi a ɗora kan mashin ɗin 'yan acaɓa.

Ɗan Kurna: Mashin ɗin 'yan me?

Abban Ikram: Ka karanta ai.

Ɗan Kurna: Na karanta, so nake ka maimaita. Malam da acaɓa na biya kuɗin makarantata tun daga sakandare har na yi difloma, da acaɓa na aurar da ƙannena mata biyu, yau kuma an wayi gari sunan sana'ar ya zama abin da ake zagin mashin da shi. Allah ya kyauta.

Abban Ikram: Ni ban zagi kowa ba ɗan uwa, mashin nake magana ba mutum ba.

Sarkin Yaƙin Boxer: Ka zaga mana. In ba zagi ba ne me ya kawo malamin makaranta cikin maganar? Wato shi ya fi ƙarfin abin da talaka ke hawa kenan.

Usta Mai Gareji: Ku tsaya a yi maganar mashin ɗin tukuna. Yallaɓai Abban Ikram, Pulsar NS200 ɗin da kake so da Boxer ɗin da ka raina duk kamfani ɗaya ne ya ƙera su, Bajaj na Indiya. Bambancin shi ne Pulsar ɗin da ruwa yake sanyaya inji, akwai lagireto, giya shida, filogi uku, ƙarfinsa ya ninka na Boxer 150 kusan sau biyu balle Boxer 100. Mashin ne mai daɗi ba musu. Amma ranar da ya faɗi lagireto ya huje a hanyar Gezawa wa zai taɓa masa shi? Boxer kuwa iska ce ke sanyaya shi, ko a ƙauyen da ba wuta za ka samu yaro a gindin bishiya da zai kwance kafireta ya wanke ya mayar, kuma filogi da sarƙa da sifoket da igiyar kuloci duk suna rataye a shagon gefe.

Abban Ikram: Yauwa Usta, irin wannan nake son ji. To amma maganar wuce mota fa?

Ɗan Kurna: A'a kar a wuce wurin. Sai ya janye kalmar.

Maman Hanan: Ni dai tambayata, ita acaɓar ma ana yinta a Kano yanzu? Ba tun 2013 aka hana ba?

Jar Hula: An hana kuma an yi daidai Hajiya. Watan Janairun 2013 ne bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, a kan babura maharan suka zo. Gwamnatin Kwankwaso ta ɗauki mataki saboda tsaron rayuka, kuma kowa shaida ne garin ya samu sauƙi.

Ɗan Kurna: Ya samu sauƙi a gidanku. Mu da aka raba da abincinmu dare ɗaya fa? Wasu sun koma garuruwansu, wasu sun tafi kudu, wasu har yau ba su farfaɗo ba.

Jar Hula: Ai an koma adaidaita.

Na Malam: Adaidaitar wa ya kawo ta? Ku riƙa faɗin gaskiya mana, a zamanin Malam Shekarau aka kawo ta, sunan ma daga shirin A Daidaita Sahu ya samo asali. Ku kun hana, mu muka tanadi mafita tun kafin ku hana.

Jar Hula: Mafita ko cunkoso? Je ka Kantin Kwari da yamma ka ga mafitar.

Admin: Don Allah a bar siyasa, dokar gidan nan ce.

Bature na Birmingham: Salam jama'a. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne kiran mashin mai girman inji 200cc matsakaici. A nan Ingila wanda ya yi horon farko na kwana ɗaya 125cc kaɗai doka ta yarda ya hau, da alamar L ta ɗan koyo a gaba da baya, kuma ba goyo. Sai ya kai shekara 19 ya ci jarrabawa zai samu lasisin A2, shi ma an ƙayyade masa ƙarfin inji. Abin da suke kira matsakaici su ne irin Honda CB500F mai 471cc ko Kawasaki Ninja 400. To in ƙasar da titinta ke da kyau ta ce sabon hannu ya fara da 125, ban ga dalilin da za a ce ƙaramin inji ya fi hatsari a Kano ba.

Sarkin Yaƙin Boxer: Ga shi nan daga bakin wanda ya ga duniya.

Abban Ikram: Ya ga duniya amma bai ga direban tifa a titin Haɗeja ba. A can direba na tsoron doka, a nan kai ne za ka ceci kanka, kuma da ƙarfin inji ake kuɓuta.

Usta Mai Gareji: Da birki ake kuɓuta Yallaɓai, kuma a nan sabon hannu ke faɗuwa. Mafi yawan waɗanda ake kawo min mashinansu da hannu a lanƙwashe ba tirela ce ta buge su ba, yashin gefen titi ne. Akuya ta gilma, yaro ya firgita ya damƙe birkin gaba gaba ɗaya, tayar gaba ta zame shi kenan sai ƙasa. To mai birkin faranti kamu yake nan take, ga nauyi, ga totur da in ka ɗan murɗa ya zabura. Ka bar shi ya shekara yana koyon hannu a kan ƙarami, in ya ƙware ya sayar ya ƙara kuɗi, Boxer ba ya kwana a kasuwa.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa na Kano. Mu nan kabu-kabu muka cewa, kuma ba abin kunya ba ne wallahi, malamai da ma'aikata da yawa suna taɓawa da marece. Amma ni ban gane wanga rikici na Boxer ba, ku nemi Haojue mana, shi ne ka yi ma Suzuki babura a China, ga ƙwari ga kyawon gani.

Sarkin Yaƙin Boxer: Ɗan China? Allah ya kiyaye. Araha ba ta ado.

Ɗan Maraɗi: Wayar da kake rubutu da ita hwa, a Makka aka yi ta?

Maman Hanan: 😂😂 Ɗan Maraɗi ka gama da shi.

Alhaji Honda: Yara kuna ta surutu. Mashin ɗaya ne a duniya, Honda, sauran duk kwaikwayo ne. CG125 tun 1975 ake yinsa, kuma injinsa ne 'yan China suka yi ta kwafa suna canza masa suna. A Ota ta jihar Ogun Honda ke da masana'anta, nan ake haɗa Ace. Nawa tun kafin wasunku su yi kaciya nake hawansa, juye kawai nake masa a kan lokaci.

Ɗan Kurna: Baba Alhaji da girmanka, amma ka san sunan da ake kiran wani Hondan a Zamfara da Katsina? Har 'yan bindiga cewa suke a haɗo musu da shi cikin kuɗin fansa. In Boxer na 'yan acaɓa ne to Honda na su wa kenan?

Alhaji Honda: Ai ka kawo min hujja da kanka yaro. Mutumin da ke kwana a daji ba bakanike ba shago zai zaɓi abin da zai mutu masa a hanya?

Jar Hula: Subhanallahi, yanzu kuma ɓarayin daji ne ke ba da shaidar inganci.

Alhaji Honda: Ban ce a yi koyi da su ba, ƙarfe nake magana.

Abban Ikram: To kun gani, shi ya ce ƙarfe yake magana an ƙyale shi, ni na ce mashin nake magana an ce na yi zagi.

Ɗan Kurna: Shi dattijo ne, kai kuwa raini ne ya fito daga bakinka.

Maman Hanan: Wai duk ba wanda ya tambayi shi mai hawan me yake so? Kuma albashin malamin firamare nawa ne da za a haɗa shi da mashin mai shan mai? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Maigidana ajiye mota ya yi ya sayi roba-roba, ba kuloci ba wahala, ni ma a tsakar gida na koya.

Sarkin Yaƙin Boxer: Roba-roba zuwa Gezawa kullum? Hajiya wannan na cefane ne.

Maman Hanan: Au, kai ma ka fara kenan. Na wancan na 'yan acaɓa, nawa na cefane. Ɗan Kurna zo ka ji.

Ɗan Kurna: Wannan daban.

Na Malam: Me ya bambanta su? Don dai Sarkin Yaƙi ɗan layinku ne.

Usta Mai Gareji: Tunda an ambaci na hannu bari in faɗi wannan ko wani zai amfana. In za ka sayi mashin na hannu ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka dafa inji, in ka ji da ɗumi to an riga an tashe shi don kar ka ga wahalar tashinsa. Ka buga kik da kanka, ka duba bakin salansa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ringi ne ya tafi yana cin baƙin mai. Ka ɗora shi a babban jak ka girgiza tayar baya hagu da dama. Haƙoran sifoket in sun yi tsini sun ƙare. Injin da aka wanke tas yana ƙyalli shi ma ka yi zarginsa, yoyo ake ɓoyewa. Sannan lambar inji da ta firam su dace da rasit, in mai shi ya fara ce maka takardu suna wajen yayansa ka yi sallama ka tafi, mutane da yawa sun kwana a ofishin 'yan sanda kan mashin ɗin sata da suka saya da kuɗinsu.

Bature na Birmingham: Kuma hular kwano don Allah. Tun farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ce dole ne, amma in na zo gida sai in ga kowa da hular zanna a kan mashin.

Jar Hula: Ka zo watan Afrilu ka sa kwano a ka daga Bata zuwa Kabuga, sai mu yi magana.

Bature na Birmingham: Zafi da fashewar kai wanne ya fi?

Ɗan Maraɗi: Ni har yanzu ba a ba ni amsa ba kan waya.

Abban Ikram: Ni wallahi na ma rasa me na tambaya. Cewa na yi ƙaramin inji ya fi hatsari a babban titi, mutum biyu kaɗai suka taɓa maganar.

Ɗan Kurna: Ka janye kalmar sai mu taɓa.

Abban Ikram: Ba zan janye ba, 'yan acaɓa ba Boxer suke hawa ba? Ƙarya na yi?

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta daga bayanan masana a nan shi ne kowa ya yarda Boxer ne ya fi dacewa da sabon hannu, ga sauƙin mai ga kayan gyara ko'ina ga saurin sayuwa, kuma Usta da Bature duk sun tabbatar. Maganar Pulsar ba ta samu goyon baya ba, na China kuma an nuna ba shi da ƙarko. Abban Ikram ya kamata ya ba masu sana'a haƙuri, kawunsa kuma ya yi hangen nesa. Mai buƙatar sabo dal ko na hannu mai takardu ya same ni ta akwatin sirri, akwai ragi ga 'yan gida.

Ɗan Maraɗi: Wa ya nuna na China bai da ƙarko? Mutum guda ya yi karin magana shi kenan ta zama hujja?

Bature na Birmingham: Ni 125 na ce, ban ambaci Boxer ba ko sau ɗaya.

Alhaji Honda: Admin dillalin Boxer ne ashe, shi ya sa ko sunan Honda bai fito a bayaninsa ba.

Maman Hanan: Roba-roba ma an share ta.

Admin: An rufe.

Na Malam: Kafin a rufe, Jar Hula bai amsa wa ya kawo adaidaita ba.