Layin 811.5 nm na agon ya ƙi bin lissafina, a taimaka

Assalamu alaikum, malamai da ’yan’uwa masana fiziks. Ina neman zafin ilektiron a filasmar iskar agon (argon), wato iskar da wasu atam ɗinta suka rabu da ilektiron ɗinsu, ta hanyar gwada hasken layin 811.5 nm da na 750.4 nm, layuka biyu na hasken da agon ke fitarwa (nm, nanomita, ma’aunin tsawon zangon haske ne). Lissafin ya ɗauka cewa ilektiron na bugun atam ne tun daga matakin ƙasa, wato mafi ƙarancin kuzari, ya ɗaga shi zuwa mataki na sama, sannan haske ya fito. Na 750.4 yana tafiya daidai. Na 811.5 kuwa, da na ƙara matsin iskar sai ya haska fiye da ƙima, zafin da nake samu ya zama shirme.

Zargina yana kan atam masu jinkirin sauka, waɗanda ke maƙale a matakin kuzarin da ake kira 1s5, wato 11.55 eV sama da matakin ƙasa (eV ma’aunin kuzari ne). Daga ƙasa, ilektiron na buƙatar wajen 13.08 eV kafin ya kai atam matakin 2p9, mafitar layin 811.5. Daga 1s5 kuwa eV ɗaya da rabi ya isa, kuma ilektiron masu wannan ɗan kuzarin su ne suka fi yawa. Ga shi damar karo ya ɗaga atam daga 1s5 ta ninka ta daga ƙasa sau ɗaruruwa, don haka ’yan kaɗan ma daga cikin waɗannan atam sun isa su dagula lissafi.

Inda na cije: yaya zan san yawan atam ɗin da ke 1s5 alhali ba mu da na’urar leza da ake auna su da ita? Sannan su ɗin dai suna sake haɗiye hasken 811.5 kafin ya fita daga bututun. Shin a lissafi ɗaya ake haɗa gyaran biyu, ko da wanne ake farawa? Allah Ya saka da alheri.