Neman shawara: yadda zan ƙawata kantar saman murhu don Kirsimeti da fam 25

Maman 'Yan Biyu, Manchesta:
Sannunku 'yan uwa, ina gaisuwa. Mun koma wani gidan haya, irin tsofaffin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna. A falon akwai murhun ɗumama ɗaki, a samansa kuma kanta ta katako, tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya. Duk wanda ya shigo ita yake fara gani, har yanzu kuwa ba komai a kanta sai rimot da wasiƙu. Ranar 25 ga Disamba iyalai biyu daga cocinmu za su zo cin abinci, 'yan biyu kuma kullum suna dawowa daga makaranta da labarin adon gidajen ƙawayensu. Na duba farashin igiyar ganyen ado a manyan shaguna, ta fi ƙarfina a wannan wata da kuɗin gas ya hau. Fam 25 kawai zan iya warewa. Ba a yarda in buga ƙusa a bango ba, ga autata mai shekara biyu da ke jawo duk abin da hannunta ya kai. Don Allah ta ina zan fara?

Baban Yara, Manchesta:
Maman 'Yan Biyu, kafin a yi maganar ado, murhun nan yana aiki ko an toshe shi? Amsar ce za ta nuna abin da ya dace.

Maman 'Yan Biyu:
Na gas ne, Baba, kuma muna kunna shi da yamma.

Baban Yara:
To ki saurare ni da kyau, 'yata. Tunda ana kunna shi, kada komai ya yi lilo a bakin wutar, ko ganye ko ƙyalle ko safar nan da ake rataya wa yara. Duk abin da zai iya kamawa da wuta ki ba shi tazarar kamar mita ɗaya. Ki kunna murhun ya daɗe, sannan ki taɓa saman kantar. Idan ta yi zafi, ɗanyen ganye zai bushe cikin 'yan kwanaki, busasshen ganyen fayin, wato irin na bishiyar Kirsimeti, kuwa nan da nan yake kamawa da wuta. Kyandir na gaske kada ma ki sa shi a lissafi. Ki kuma duba ko akwai na'urar da ke ƙara idan iskar gubar da murhun gas kan fitar ta taru a ɗaki. Tun Oktoban 2022 dokar Ingila ta ɗora wa masu ba da haya su sa ta a ɗakin da ke da irin wannan murhu, haka nan binciken gas na kowace shekara a wuyansu yake. In babu, ki nema a rubuce, ba daga aljihunki za ta fito ba.

Anti ta Landan:
Ƙanwata, kada kuɗi ya tsorata ki. Wannan aiki ai jere ne, kuma duk wadda ta taɓa ganin yadda ake jera kwanuka a ɗakin amarya ta san kansa: babba a tsakiya, ƙanana su biyo baya, a bar wa kowanne wurin da za a gan shi.

Ki fara da abu guda babba. Madubi ya fi, domin a watan nan kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, madubi kuwa yana ninka ɗan hasken da ke falon. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, irin Oxfam da British Heart Foundation, ba sa rasa madubi mai araha, a Facebook Marketplace ma wasu kyauta suke bayarwa don su rabu da shi. Sai dai saboda auta, kada ki jingina mai nauyi haka kawai. Ki nemi mara nauyi, ki maƙala shi da maƙalan Command, waɗanda ake cirewa ba tare da sun ɓata fenti ba, ki bi nauyin da aka rubuta a jikin kwalin. Kuɗin ajiyar haya yakan kai na mako biyar, bai kamata ramin ƙusa ya ci miki wani abu daga ciki ba.

Sauran kayan yawanci suna gidanki. In kin zo da faifai ko ƙwarya daga gida, ki fito da su. Faifai biyu masu launi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ƙwarya cike da ƙwallayen ado, sun fi tarkacen roba goma kyau a idona, kuma baƙinki za su ji sun shigo gidan 'yar gida. Launi biyu sun isa, misali ja da ruwan zinare. Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe, domin yawan launi ne ke sa ado mai araha ya nuna araharsa. Ki sayi igiya ɗaya ta fitilun LED masu batir daga shagunan araha irin Poundland ko B&M, ki ɓoye akwatin batirin a bayan ƙwaryar.

Maman Bege, Birmingham:
Lemo! Ki yanka shi siri-siri, ki tsane ruwan da tawul, ki jera a oben a wuta kaɗan, kamar digiri 90, na awa uku kina juyawa. In ya bushe ki huda ki shige a zare tare da sandunan kirfa. Wani lemon ki bar shi ɗungum, 'yan biyu su tsira masa kanumfari. Ƙamshinsa kaɗai ya biya kuɗinsa, yaran kuma za su ce su suka yi. Masu sayar da bishiyar Kirsimeti suna sare rassan ƙasa su tara a gefe, in kin tambaya da fara'a sukan ba ki.

Baban Yara:
Maman Bege, lemon na yarda, amma rassan ne nake ja. Sai in kantar ba ta zafi, kuma a kwantar da su can baya kusa da bango, a cire da zarar sun fara zuba.

Hajiya ta Bradford:
Mu ba ma yin Kirsimeti, amma duhun hunturun nan kowa yana jin sa, don haka ni ma nakan kunna fitilu a kantarmu, in sake fito da su da azumi da Sallah. Shawarata ki je wurin tela mai ɗinkin atamfa ki roƙi ragowar ƙyalle, ki naɗe fankon kwalaye ƙanana kamar kyauta, ki jera. A matsayina na kaka kuma ina roƙonki abu biyu. Ganyen nan mai ƙaya da jajayen 'ya'ya da ake kira holi, 'ya'yansa suna sa yaro amai da gudawa in ya ci, kada ya shigo falon. Kyandir na lantarki ƙanana kuma yawancinsu da batir mai kama da kwabo suke aiki, haɗiye shi na ƙona maƙogwaron yaro cikin awanni kaɗan. Ki zaɓi wanda murfinsa ke da sukuru, ko ki tsaya ga fitilu masu manyan batir.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, na taɓa kantar bayan murhun ya daɗe a kunne, tana da ɗumi sosai, don haka na haƙura da ɗanyen ganye, zan sa rassan a tulu a kan taga. Na'urar tana nan, na danna ta yi ƙara. Ina da faifai uku da ƙwaryar da mahaifiyata ta ba ni. Asabar zan zaga neman madubi, Lahadi bayan sujada mu yi aikin lemo da yara.

Anti ta Landan:
Madalla. Ki rage fam biyar kada ki taɓa. Daga 26 ga Disamba shaguna ke karya farashin kayan ado, a lokacin za ki sayi igiyar ganyen roba ta baɗi. In madubi ya gagara zuwa Asabar ki faɗa mini, akwai wani a ɗakin ajiyata, ɗana zai hau Manchesta mako mai zuwa.