Zaren dalma ko lebur: wanne ke tsayar da ƙofa daidai?

Matashin kafinta: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina zamanin zaren dalma ya wuce. Mutum ya hau tsani, ya buga ƙusa, ya rataya zare mai ƙarfe a ƙarshensa, ya tsaya yana jiran ƙarfen ya daina lilo? Kafin ka gama wannan na manna lebur, wato ma'aunin nan mai kumfa a cikin ruwa, a jikin firam, na ga kumfar ta zauna tsakiya, na ɗaure ƙofa biyu.

Tsohon kafinta: Wa alaikumus salam ɗana. Lebur ɗinka tsawonsa nawa ne?

Matashin kafinta: Santimita 60, Baba.

Tsohon kafinta: To ƙofar kuma wajen mita 2 ce. Ka ga abin da ka auna bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsayinta ba. In lebur ɗin ya kauce da milimita 1 a tsawonsa, kafin ka sauko ƙasa ya haura milimita 3. Ratar da ake bari tsakanin ƙyaure da firam ita ma kusan milimita 3 ce. Ka cinye ta ke nan tun ba ka sa hinji ba. Sannan katako yakan yi ciki. Ka ɗora gajeren lebur a sama ya ce daidai, ka ɗora a ƙasa ya ce daidai, alhali tsakiyar ta turo. Zare kuwa daga sama har ƙasa yake, ka sa tef ka auna ratarsa da firam a sama, a tsakiya, a ƙasa. In ka bar santimita 5 a sama, dole ka sami 5 ko'ina.

Magini: Baba ya yi gaskiya a nan, amma laifin gajeren lebur ne, ba na lebur duka ba. Akwai mai mita 1.8 da aka yi don irin wannan aiki, kuma masu kyau kuskurensu bai wuce rabin milimita a mita ɗaya ba.

Tsohon kafinta: Ranar da ya fito daga shago ke nan. Bari ya faɗo daga kan katanga sau biyu tukuna. Dalma ko ta faɗi sau ɗari, ka ɗauka ka rataya, ƙasa za ta nufa.

Magini: Ai lebur ma ana gwada shi, Baba. Ka jingina shi a bango ka duba inda kumfa ta tsaya, ka juya shi ɗaya fuskar ka mayar wuri guda. In kumfar ta koma inda take, lafiyarsa lau. In ta sauya, ya lalace. Minti ɗaya ne, lalaci ne kawai ke hana yara yi.

Mai walda: Ku bar ni in sa baki. Ku masu zare ba ku faɗi abin da iska ke yi muku ba. Gini ba tagogi, iska na kaɗawa, zaren nan sai ya yi ta rawa har ka gaji.

Tsohon kafinta: Ka sa bokitin ruwa a ƙasa, ka tsoma dalmar ciki ba tare da ta taɓa gindi ba. Nan take za ta natsu.

Mai walda: Wato bayan tsani da ƙusa, yanzu har da bokiti.

Mai gida: Gafara dai malamai, ni ba sana'ata ba ce. Ƙofar ɗakina in na buɗe ta rabi na saki, da kanta take tafiya ta rufe. Wanda ya sa min ita ya rantse cewa da lebur ya auna. Me ya faru?

Magini: Ɓangaren hinjin ne bai tsaya cak ba. Firam yana iya karkata ta hanya biyu: ko zuwa cikin bakin ƙofar, ko gaba da baya wajen fuskar bango. Da yawa fuska ɗaya suke aunawa su manta ɗayar. A nan kam na sallama wa Baba, zare guda yana nuna maka duka biyun a rataye ɗaya.

Matashin kafinta: To Baba, saman firam fa? Zare ai ba ya nuna kwance. Ko ƙasan ɗaki in ya gangara, da me za ka gane?

Tsohon kafinta: Da lebur mana, ban ce a jefar da shi ba. Amma kada ka ce zare bai iya ba. Mutanen Masar na da, da katako mai siffar dala da zare rataye a tsakiyarsa suke fitar da kwance. Lebur mai kumfa sai wajen 1660 wani Bafaranshe, Thévenot, ya ƙirƙiro shi.

Matashin kafinta: Su ma da sun sami lebur na leza, mai haska layi a bango, da sun aje zaren.

Tsohon kafinta: Leza batir take ci, kuma a tsakar rana ba ka ganin layinta sosai. Gobe ka zo da lebur ɗinka, in zo da zarena, mu auna ƙofofin nan biyu da ka ce ka ɗaure.

Matashin kafinta: Zan zo Baba, amma bari in ari dogon na Oga magini.

Magini: Ka fara juya shi a bango tukuna, makon jiya ya faɗo min daga mota.